Rigakafin zazzaɓin cizon sauro: inda aka tsaya kan hujja

Na bi duka muhawarar da aka yi kan wace hujja ce ta isa a amince da alluran rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda gwajin da ake raba yara gida biyu ta ƙuri'a, a yi wa wasu allurar a kwatanta su da sauran, shi ne ginshiƙin hujja. Na RTS,S, allurar farko ta wannan cuta, ya gudana a ƙasashen Afirka 7, daga 2009 zuwa 2014.

2. Sai dai wannan gwajin ya bar shakku kan ko allurar na jawo sanƙarau. Shi ya sa aka fara ba da allurar a Ghana, Kenya da Malawi a 2019, ana sa ido a asibitocin yau da kullum. Yara fiye da miliyan 2 suka samu, shakkun ya kau, mace-macen yara suka ragu da kashi 13 cikin 100. Nan ne aka fi daɗewa a muhawarar, kuma ni ma hujjar da ta fi gamsar da ni ke nan.

3. An rabu kan R21, allura ta biyu ta wannan cuta. Ghana da Najeriya sun amince da ita a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) sai Oktoba. Wasu suka ce gaggawa ce, wasu suka ce sauro ba ya jiran takarda.

4. Ko da akwai allura, gidan sauro dai ba a ajiye shi.