Neman taimako: na kasa gano alamar safiyo a madatsar Tiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mazaunin Kano ne, a Gwale, kuma abin da nake sha'awa idan na samu hutu shi ne bin tsofaffin alamomin masu safiyo, irin turken simintin nan mai ƙarfe a tsakiya da ake auna tsayin ƙasa daga kansa.

Sau uku ke nan ina zuwa madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ina neman guda ɗaya da ke jikin wata tsohuwar taswira da na gada wurin kawuna. Na sa lambobin wurin da ke jikin taswirar a waya, ta kai ni cikin ciyawa kusa da bakin ruwa, babu komai. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Zargina shi ne taswirar an yi ta bisa ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lambobin wuri na taswirorin Najeriya, ita kuwa waya WGS84 take bi, wato tsarin da GPS ke aiki da shi, shi ya sa wurin ke gocewa. To yaya ake juya lambobin daga wancan zuwa wannan? Kuma wa ya kamata in nemi izininsa kafin in hau jikin madatsar? Don Allah masu safiyo a taimaka mini.