Kamyona yana wahalar tashi da asuba tun shigowar hunturu

Direba daga Tawa:
Assalamu alaikum. Ina jan kamyo mai shan gazuwal, ina ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Yamai. Tun da sanyi ya kama a watan Disamba, idan motar ta kwana sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi, amma da zarar injin ya ɗauki zafi ba ta ƙara ba ni wahala har dare. An ce in canza famfon mai, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Daga ina ya kamata in fara?

Makanike daga Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa famfo tukuna. Injin gazuwal ba ya tashi da tartsatsin wuta. Zafin iskar da fistan ya matse ne yake kunna mai, shi ya sa duk raunin da zafin rana yake ɓoyewa sanyin asuba yake tona shi. Gobe ka sa yaron motarka ya tsaya wajen bututun hayaƙi lokacin da kake tayarwa. Idan farin hayaƙi mai warin gazuwal ya fito, mai yana isa, zafi ne ya gaza. Sai a duba bujin ɗumama inji idan motar tana da su, da batir, daga baya a auna ƙarfin matsin fistan. Batir biyu ne suke ba ka volt 24, kuma kowannensu, idan ya cika, yana nuna kusan 12.6. Idan kuwa babu hayaƙi ko kaɗan, man ne bai iso ba.

Tsohon direba daga Ƙonni:
Yarona, sanyin Tawa bai kai ya daskarar da gazuwal ba, saboda haka ni iskar da take shiga hanyar mai nake zargi. Tiyo mai ɗan tsagewa yana shan iska cikin dare, man ya koma tanki, kuma sau da yawa ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Kafin ka taɓa makulli, ka danna ƙaramin famfon hannu, wanda ake jawo mai daga tanki da shi, har ya yi tauri. Ina roƙonka ka guji maganin nan na tayar da inji da ake fesawa a inda injin yake shaƙar iska, domin yana lahanta fistan.

Direba daga Tawa:
Na gode, Malam, na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Yau da asuba babu hayaƙi. Da na danna famfon hannu, murzawa ɗaya ta tashi. Mun bi tiyon mun samu tsagewar dab da matatar mai, an canza tiyon da matatar duka, gobe in Allah ya yarda zan gwada ta ba tare da na danna ba.