A tsaya a asibitin kusa ko a zarce birni?

Alhaji Direba: Shekara 20 ina bin hanyar Kano zuwa Jos, kuma ga abin da na gano: in an yi hatsari, kada a tsaya a asibitin ƙauye. A zarce Kano, asibitin Murtala ko asibitin Malam, in karaya ce a wuce asibitin ƙashi na Dala. Tsayawar nan ke kashe mutane.

Anti Nas: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Daga dajin Falgore zuwa Ƙofar Mata, inda asibitin Murtala yake, awa nawa ne? Wanda babbar jijiyar cinyarsa ta tsinke, cikin mintuna jininsa zai ƙare. Mu da ke karɓar su a ɗakin gaggawa mun san yadda suke isowa a bayan akori-kura, jiki ya riga ya yi sanyi.

Alhaji Direba: Hajiya, na taɓa kai yaron mota wani asibiti da tsakar dare. Ba wuta, ba likita, mai gadi kaɗai. Da aka taso ma'aikacin, cewa ya yi sai mun kawo takardar 'yan sanda. Awa guda muka ƙona a banza.

Likita: Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, wancan laifi ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Amma gyara asibitin ya kamata a yi, ba tsallake shi ba. Aikin da ake so a can bai kai tiyata ba: a buɗe hanyar numfashi, a danne rauni ko a ɗaure saman sa jini ya tsaya, a tallafe wuya, a sa ƙarin ruwa. In ƙashin ƙugu ya fashe, zani ma ya isa a ɗaure shi tamau. Akwai kuma allurar tranexamic acid, ba ta da tsada. Binciken da aka fitar a 2010 kan mutum sama da 20,000 ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini, amma fa sai an yi ta cikin awa 3. In an jira isowa birni, sau da yawa lokacin ya wuce.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ai ko a Amurka daga ƙauye abin ya faro. A 1976 jirgin wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗi a Nebraska, matarsa ta rasu, ya ga yadda ƙaramin asibiti ya rasa yadda zai yi da 'ya'yansa. Daga nan aka kafa horon ATLS a 1978, wato koyar da likitoci taimakon gaggawa ga wanda ya ji mummunan rauni.

Kawu: To, wanda ya bugu a ka fa? Me ƙaramin asibiti irin na Tudun Wada zai yi masa?

Likita: A nan Alhaji yana da gaskiya, Kawu. Wanda ya bugu a ka, hoton ƙwaƙwalwa yake buƙata da likitan tiyatarta. A gyara masa numfashi, a buga wa asibitin da za a kai shi waya, a tashi. Riƙe shi ana jiran hoton ƙashi ko ɗinkin fatar goshi kuskure ne, kuma mu ma'aikata muna yin sa.

Alhaji Direba: Ka ga ka dawo layina.

Anti Nas: Bai dawo ba. Ya ce a tsaya tukuna.

Alhaji Direba: To wa zai raka mu a motar, Hajiya? Ranar da na kai yaron nan, ledar ruwa ɗan'uwansa ne ya riƙe ta har Na'ibawa.