Shamfen ko giyar inabi mai kumfa: wanne ya kamata mu rubuta?

Tambayar yadda za a kira giyar Champagne da Hausa ta taso ne daga fassarar wani labarin wasanni, inda direban da ya lashe tseren motoci ya girgiza ƙatuwar kwalba ya feshe abokan karawarsa da abin da ke cikinta. Mai fassarar ya rubuta "ruwan inabi mai walƙiya", kuma a ganina bai dace ba. Wanda ya karanta "ruwan inabi" zai ɗauka irin na kwali ne da ake ba yara, alhali abin nan yana bugarwa, domin kusan kashi 12 cikin ɗari nasa barasa ce. Gara a fito fili a ce "giyar inabi", kowa ya san abin da ake nufi. Ita kuwa walƙiya daga kalmar Ingilishi sparkling aka kwaso ta. Su Faransawa mousseux suke cewa, daga kalmarsu ta kumfa.

Kumfar ce ma asalin sana'ar. Bayan ruwan inabin ya tsimu ya zama giya, sai a ɗura shi a kwalabe, a ƙara sukari da yis, a toshe, ya sake tsimuwa a ciki, iskar da yake fitarwa ta rasa hanya ta narke a cikinsa, har ƙarfinta ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau biyu. A yankin Champagne ana jera kwalaben aƙalla wata 15 a ramukan da aka haƙa cikin dutsen alli a ƙarƙashin garuruwa irin su Reims da Épernay, daga baya a karkata bakinsu ƙasa, ana murza kowace kaɗan-kaɗan har dattin yis ɗin ya taru a wuya a fitar da shi. Kamfanin giya na Veuve Clicquot ne ya fito da wannan dabara ta murzawa a farkon ƙarni na 19. Labarin cewa Dom Pérignon, malamin cocin Hautvillers da ya mutu a 1715, shi ya ƙirƙiro giyar, ƙari ne irin na 'yan talla.

Saboda haka "giyar inabi mai kumfa" ta zauna daidai a matsayin sunan jinsin gaba ɗaya. Sai dai Champagne sunan yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, wanda doka ta shata iyakarsa a 1927, aka ba sunan cikakkiyar kariya a 1936, kuma UNESCO ta sa gonakinsa da ramukansa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Kamar yadda ba kowace albasa ce 'yar Galmi ba, haka wadda aka yi a wani yankin Faransa, ko da hanya ɗaya aka bi, crémant ake kiranta, ta Sifen cava, ta Italiya kuma mafi shahara prosecco.

Tunda sunan wuri ba ya fassaruwa, sai mu hausantar da shi. Wasu suna rubuta "shampen", ni kuwa na fi son "shamfen", bisa yadda muka yi da famfo da fasfo, kuma ta mace ce saboda tana bin giya. Jimlar labarin nan sai ta koma: direban ya feshe abokan karawarsa da shamfen. Idan mai fassara bai tabbatar da inda kwalbar ta fito ba, ya rubuta giyar inabi mai kumfa.