Labarin soyayyar 'yan ƙwallon kwando biyu masu hamayya: gabar ta ƙi kamawa

Alƙalamin Dare:
Sallama 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta littafin soyayya da na gina a kan gasar ƙwallon kwando ta mata ta Amurka, WNBA. Taurarin mata ne biyu, kowacce da ƙungiyarta, ba sa ga maciji da juna, daga baya so ya shiga tsakaninsu. Ɗaya gajera ce mai raba ƙwallo, ɗayar doguwa mai tsayawa ƙarƙashin kwando. Na kai babi na 6 amma gabar tasu ba ta da gishiri, kuma na rasa inda zan riƙa haɗa su a wajen fili. Masu sanin wasan, a taimaka.

Mai Usur:
Malama, matsalar tana wurin da kika tsayar da su. Mai raba ƙwallo da doguwar tsakiya ba sa tsare juna. Koci yana haɗa kowacce da mai tsayi da sauri irin nata, don haka za a iya cinye minti 40 na wasa ba su gogi kafaɗar juna sau biyar ba. Gaba kuwa sai da gogayya.

Mafita mafi sauƙi, ki mayar da su duka 'yan gefe, tsayinsu ya zo kusa. Kowace ƙungiya tana kai hari sama da sau 70 a wasa guda, kin ga kusan kowane hari numfashin ɗaya yana wuyan ɗaya. Idan kuma kina son bambancin tsayin ya tsaya, ki yi amfani da shinge: abokiyar gajeruwar ta tsaya ta tare mai tsaronta da jiki, dole doguwar ta fito ta karɓe ta. Nan ne gajeruwa take wulaƙanta doguwa da sauri a gaban 'yan kallo, ko doguwar ta mare ƙwallon ta koma cikin jama'a. Sau uku ko huɗu a wasa ya isa a ƙulli mutum.

Ki kiyaye lissafi, masu karatu da suka san wasan ba sa yafewa. Zango 4 ne, kowanne minti 10. Daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo. Keta 6 ke fitar da 'yar wasa a WNBA, amma 5 ne a gasar jami'o'i da wasannin ƙasa da ƙasa. Idan suka yi cacar baki alƙalin wasa zai iya rubuta wa kowacce laifin rashin ɗa'a, na biyu kuma kora ce.

Ta Benci:
Batun inda za su haɗu, kalandar wasan ta riga ta yi miki rabin aikin. Gasar jami'o'i ta watan Maris sili ɗaya ƙwale ce, ana ƙare ta farkon Afrilu, a cikin watan kuma ƙungiyoyin WNBA suke zaɓen sababbin 'yan wasa. To ki sa ɗaya ta fitar da ɗaya a wasanta na ƙarshe na jami'a, sannan a daren zaɓe a kira sunan wadda aka cinye ɗin kafin na wadda ta ci. Kowacce ta samu abin riƙewa a zuciya. Shekarunsu za su kama 22, domin galibin 'yan Amurka sai a shekarar da za su cika haka suke shiga zaɓen.

Kakar wasa tana farawa a Mayu, a kammala a Oktoba. A 2025 wasa 44 kowace ƙungiya ta buga, ƙungiyoyi biyu suna haɗuwa sau 3 ko 4 kacal. Wato a fili ba za su isa su saba ba. Wurin sabo shi ne hunturu. 'Yan wasa da yawa suna tafiya Turkiyya ko Sifaniya ko Chana su buga wa wasu ƙungiyoyi saboda kuɗi. Ki sa ƙungiya ɗaya a Istanbul ta ɗauke su su biyu ba da saninsu ba. Ba su jin yaren, ba dangi, masauki kusa da kusa, mota ɗaya ke kai su atisaye. Wata shida suna miƙa wa juna ƙwallo, sannan Mayu ta zo su koma abokan gaba. Akwai kuma sansanin tawagar ƙasa da wasan taurari na tsakiyar kaka, amma waɗannan kwanaki ne kawai, sun fi dacewa da haɗuwar bayan ɓatawa.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wasan. Diana Taurasi 'yar Amurka da Penny Taylor 'yar Ostireliya sun buga tare a ƙungiyar Phoenix Mercury ta WNBA, suna cikin tawagogin da suka kara a wasan ƙarshe na Olamfik 2008 a Beijing inda Amurka ta ci Ostireliya 92 da 65, suka auri juna a 2017.

Alƙalamin Dare:
Na gode ƙwarai. To me zai raba su a kusa da ƙarshe? Ba na son rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware.

Tsohuwar Koci:
'Yar'uwa, abin da zai haɗa su shi zai raba su. Kafin kowane wasa ana ba mai tsaro bidiyon wadda za ta tsare da takardar bayaninta: hannun da ta fi so, inda take juyawa idan aka matsa mata, sau nawa take buga ƙwallo a ƙasa kafin jifan kyauta, wato wanda ake ba 'yar wasa ba mai tsaro idan an yi mata keta. Mace ta shekara uku tana nazarin wata haka, ta san ta fiye da yadda ƙawayenta suka san ta. Ki fara son daga nan. Ta lura ɗayar tana shafa wuyan hannunta na hagu duk lokacin da ta tsorata, abin da babu shi a takardar koci.

Sai ki juya sanin ya zama nauyi. A Istanbul ta ga ana ɗaure wa masoyiyarta kafaɗar hagu da ƙanƙara kowane dare, ciwon da aka ɓoye wa kowa. Yanzu ga su a wasannin fitar da gwani, koci ya tambaye ta kai tsaye ta ina za a ɓullo wa waccan. Idan ta faɗa, ta ci amanar so. Idan ta yi shiru, ta ci amanar mata 11 da suke ɗakin sauya kaya ɗaya, wasu cikinsu kwantiraginsu ya dogara da wannan kakar. Guraben 12 ne kacal a ƙungiya, kowacce ta san akwai mai jiran kujerarta.

Ki yi hattara da rauni. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana cin wata 9 zuwa 12 bayan tiyata, ba a dawowa a wasan ƙarshe na kakar da aka ji ta. Targaɗen idon sawu ko ciwon kafaɗa su ne ake iya ɗaurewa a buga da su.

Kuskure mafi muni shi ne ɗaya ta bari a ci ta da gangan don so. 'Yar wasa ta gaskiya za ta ɗauki wannan a matsayin raini, kuma za ta gane, domin ta san yadda ɗayar take tsaro idan da gaske take. A wasan ƙarshe kada ki bi maki ɗaya bayan ɗaya. Ki zaɓi hari uku: na farko da suka haɗa ido, ɗaya a zango na uku da kafaɗar ta motsa, sai na ƙarshe da saura daƙiƙa 8. Ki bar mai tsaron ta matse hannun dama, hannun da take da ƙarfi, kamar yadda takardar koci ta ce tun kafin Istanbul, ɗayar kuma ta juya hagu da kanta ta jefa.