An saye gidan rediyonmu, in zauna a kwamasho ko in karɓi sallama?

Ɗan Rahoto:
Salam 'yan uwa. Shekara shida ina ɗakin labarai a wani ƙaramin FM, watan jiya wani Alhaji mai tashoshi uku a wasu jihohi ya saye mu. Yanzu daga hedikwatarsa za a riƙa turo labarai mu dai mu jona, mu goma sha ɗaya ne an ce uku za a bari. An ba ni zaɓi, ko in koma neman talla ba albashi sai kwamasho kashi 15, ko in karɓi kuɗin wata uku in tafi. Iyalina na da tsohon ciki. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah me ya yi?

Maman Ilham:
Ƙanena ka buɗe YouTube kawai, yanzu wa yake jiran labaran ƙarfe bakwai

Tsohon Edita:
Yaro ba yau aka fara ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka kafa ta, jaridar New Nigerian 1966, gwamnonin Arewa 19 suka kasa riƙe su. Triumph ta Kano ma an rufe ta a 2012 sai daga baya aka farfaɗo da ita. Ko na gwamnati ko na ɗan kasuwa, ɗan jarida ne a ƙasa. Ka yi haƙuri ka zauna.

Mai POS:
Ya zauna ya ci me Baba? Ni na zauna ai. Namu ogan da ya sayi tasha ta biyu sai ya fara zama da 'yan siyasa, na je wani ƙauye na ɗauko rahoton asibitin da rufinsa ya yaye, ungozoma tana karɓar haihuwa da fitilar waya, muryarta na naɗo da kaina tana kuka. Ashe ɗan kwangilar abokin oga ne. Manaja ya karɓi filashin ya ce zai saurara, washegari na zo maigadi ya tare ni a get, mutumin da kullum nake saya wa koko, ya kasa kallon idona ya ce an ce kar a bar ni in shiga. Ba takarda ba komai. Dardumata da fulas ɗin shayina har yau suna ciki, ga albashin wata takwas da nake bi. Yau shekara uku ina ƙarƙashin lema ina cirar kuɗi, wallahi na fi samun barci.

Ɗan Rahoto:
Subhanallah. Ka kai ƙara?

Mai POS:
Da wane kuɗin? Lauya ya ce in kawo takardar ɗaukar aiki, mu da katin wuya kawai aka ba mu aka ce shi ne jarinku.

Na Sabon Gari:
Abin da mutane ba sa ganewa, mai lasisi huɗu ya fi mai ɗaya tsoro. NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ci Trust TV tarar miliyan 5 a 2022 kan shirin 'yan bindiga, su sun iya ɗauka. Waya ɗaya za a buga wa Alhajinku tashoshi huɗu su yi shiru lokaci guda. Amma kwamasho ba laifi in kana da sojojin baka, masu shiga rediyo suna yi wa 'yan siyasa yaƙi da baki, minti 30 na filin siyasa dubu 150 ne a wajenmu.

Hajiya Talla:
Dubu 150 a ina?? Mu 40 muke sayarwa kuma sai an bi mutum har gida. Kashi 15 na dubu 40 lissafa ka gani, ko kuɗin man babur bai kai ba.

Na Sabon Gari:
Hajiya tashar ku ko Kwanar Dangora ba ta kaiwa shi ya sa

Maman Ilham:
Hhhhh. Ni dai na faɗa, waya da data.

Tsohon Edita:
Ke kin taɓa rubuta labari ko layi ɗaya? A bar waɗanda suka san aikin su yi magana.

Maman Ilham:
Baba da girmanka, ku da kuka san aikin ina fanshonku? Mu masu saurare ai da mu ake yi.

Hajiya Talla:
Ai maganarta da ƙamshin gaskiya. Makon jiya a wani taron manema labarai 'yan TikTok aka kira ciki aka ba su ambulan mai kauri, wakilan rediyo suna rana sai dubu uku uku na mota.

Mai POS:
Uku ma sun samu. Mu shugaban tawaga ne yake karɓa a dunƙule, ya shiga bayi ya fito ambulan ta rame.

Ɗan Rahoto:
Jama'a ranar Litinin fa zan ba su amsa

Na Sabon Gari:
Tsaya tukuna, Mai POS wane shugaban tawagar, na da ko na yanzu? Don ni ma ina bin wani kasona tun taron kasafin kuɗin bara.