Wai Snow talaka ne?

'Yar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake tun jiya. Na gama karanta The Ballad of Songbirds and Snakes na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2020, na ce wa yayata tauraron littafin, Coriolanus Snow, ya ba ni tausayi, kawai ta ce min mai baƙar zuciya a gaban ƙawayenta. Ni dai ina kan bakata, ba a haifi Snow da mugunta ba, Capitol ce ta lalata shi, wato babban birnin da ke mulkar gundumomin ƙasarsu. Yaro ɗan shekara 18, maraya, talaka, miyar kabeji suke sha shi da kakarsa da 'yar uwarsa Tigris, sannan a damƙa masa Lucy Gray, yarinyar Gunduma ta 12, a ce karatunsa ya rataya a kan abin da ta yi a fagen kisa na gasar Hunger Games, inda ake tilasta wa yara su kashe juna. Waye ba zai rikice ba? Don Allah a faɗa min gaskiya.

Ɗan Zariya: Wa alaikumussalam. Talaka kika ce? Snow ɗin?

'Yar Auta: Eh mana. Rigar da ya saka ranar zaɓen yara ma tsohuwar ta mahaifinsa ce, Tigris ta gyara masa.

Ɗan Zariya: Ƙanwata, rashin kuɗi daban, zama talaka daban. Talaka shi ne wanda ake mulka. Uban Snow janar ne, gidansu a saman bene yake a unguwar manya, kuma cikin yara 24 da ake kwasowa daga gundumomi duk shekara domin gasar babu ɗan Capitol ko ɗaya. Ɗan sarki ko ya kwana da yunwa ba ya zama talaka.

Maman Biyu: To me za mu kira wanda babu na cefane a gidansu? Attajiri? A Kano dai wanda bai da shi talaka muke ce masa, kar a kawo mana Hausar jami'a.

Ɗan Zariya: Hajiya, ba Hausar jami'a ba ce. Kin taɓa jin an ce sarki da matsiyatansa? Sarki da talakawansa ake cewa, kuma har da masu kuɗi a cikinsu.

Malam Na-Adabi: Kalmar da kuke nema karayar arziki ce. Dukiyar gidan Snow a harkar makamai ta Gunduma ta 13 take, yaƙi ya tafi da ita. Kuma wanda ya taɓa samu ya rasa, ciwonsa ba irin na wanda bai taɓa samu ba ne. Kunya ce ke cin Snow fiye da yunwa, shi ya sa yake ɓoye halin gidansu ko ga abokan karatunsa.

Maman Biyu: Malam, ai Ɗan Zariya kake goya wa baya kullum, mun sani.

Baba Ƙarami: Idan ma'anar Ɗan Zariya za mu bi, to Sejanus Plinth, abokin karatun Snow, shi ne talaka ke nan? Haifaffen Gunduma ta 2 ne, amma kuɗin ubansa ya fi na kusan kowa a makarantar.

Ɗan Zariya: Ƙwarai kuwa. Talaka ne mai kuɗi. Shi ya sa suke raina shi duk da dukiyar, shi ya sa kuma da Snow ya naɗi maganarsa da tsuntsun nan mai kwaikwayon magana ya aika wa Dakta Gaul, shugabar gasar, rataye shi aka yi, kuɗin bai cece shi ba.

Ummi Ɗaliba: Innalillahi! Ina tsakiyar littafin fa! Yaya Ɗan Zariya ka kyauta ke nan?

Baba Ƙarami: Fim ɗin tun 2023 ya fito, har yanzu ba ki san Sejanus ya mutu ba?

Ummi Ɗaliba: Ba na kallon fim kafin littafi. Kuma da ka dawo min da littafina na farko, The Hunger Games, da ka ara tun kafin azumi, da ban makara haka ba.

Baba Ƙarami: Wancan labarin wata yarinya Katniss ne a ciki, shekara 64 ke tsakaninsu, me ya hana ki karanta wannan? Kuma na ce miki yana wurin ƙanena.

Maman Biyu: Kai ma fim kawai ka kalla, ka zo kana mana bayani. A fim ba ka jin abin da ke cikin zuciyar Snow, kyakkyawan saurayi kawai kake gani.

Baba Ƙarami: Hajiya, wa ya ce miki ban karanta ba?

Maman Biyu: To wane abu ya ba Lucy Gray kafin ta shiga fage?

Baba Ƙarami: Gwangwanin hodar mahaifiyarsa, ta zuba maganin ɓera a ciki.

Maman Biyu: Wannan ai yana cikin fim.

'Yar Auta: Jama'a, ni fa tambayata ita ce ko Capitol ce ta lalata shi. Babu wanda ya ba ni amsa. Kuma babu wanda ya ce komai a kan abin da yayata ta yi min.

Ɗan Zariya: Ki janye kalmar talaka tukuna. Talakan gaske Lucy Gray ce, da aka ajiye ta da sauran yaran gasar a kejin birai na gidan zu ana zuwa kallonsu.

Malam Na-Adabi: Ita ma cewa take ba 'yar Gunduma ta 12 ba ce, 'yar Covey ce, mawaƙa masu yawo.

Maman Biyu: To ita ma ku cire ta. A ƙarshe littafin babu talaka ko ɗaya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Mafi yawanmu sun yarda Snow ba talaka ba ne, kamar yadda Ɗan Zariya ya yi bayani mai gamsarwa, Malam kuma ya ƙarfafa. Tunda haka ne, maganar 'Yar Auta ta faɗi, domin wanda ya ci amanar abokinsa sannan ya koma ya zama magajin iyayen abokin ba shi da uzuri. Hajiya Maman Biyu ba ta kawo hujja ba. Baba Ƙarami, ka mayar wa Ummi littafinta kafin Juma'a.

Maman Biyu: Mafi yawanmu su wa? Mutum biyu ne, kai ne na uku.